Amsoshin Tambayoyinku: Wace Waƙar Shata Ce Kan Gaba?

Wani mai sauraronmu daga Yakasai, cikin birnin Kano, yana tambaya: wace waƙa ce masana suka fi fifitawa cikin waƙoƙin marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999?

To Malam, manazarta sukan sa Bakandamiya a gaba, domin a cikinta ne Shata ya yi wa kansa kirari, kalangai na amsa masa, 'yan amshi na karɓa. Daga nan ra'ayi ya rabu. Wasu sun fi son wadda ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wasu kuma ta kumbon Apollo 11 da ya kai mutane duniyar wata a 1969. Ni dai ta Sarkin Daura nake sawa ta biyu, saboda nauyin kalmominta da natsuwar kiɗanta.