Yadda Ake Yin Soson Katifa

Soson katifa kumfa ce da aka daskarar kafin ta kwanta, domin fiye da kashi 95 cikin 100 na girmansa iska ce, ragowar kuma wata roba ce mai suna foliyuretan, wadda Otto Bayer da abokan aikinsa suka samar a Jamus a shekarar 1937.

Aikin yana farawa da awo. Ana auna foliyol, wato wani ruwa mai kauri kamar zuma, a zuba masa ruwa kaɗan da man silikon da sinadaran da ke hanzarta haɗuwa, sannan a ƙara wani sinadari mai suna aisosayanet, a gauraya da ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, a juye cikin babban akwati ko a kan bel mai tafiya.

Nan take abubuwa biyu suke tashi tare. Aisosayanet yana haɗuwa da ruwa ya saki iskar kabon dayoksaid, wadda ke kumbura kwaɓin kamar yadda yisti ke tayar da ƙullun waina, yana kuma haɗuwa da foliyol ya zama roba. Gwanintar mai haɗi duka tana wajen daidaita waɗannan biyun, domin idan iska ta riga roba kumfar takan tsage ko ta rushe, idan kuma roba ta riga iska ramukan sukan kasance a rufe, soson ya tsuke bayan ya huce.

Yayin da ƙwayoyin iska ke girma suna matsar juna, tantanin da ke tsakaninsu yana sirancewa, silikon yana hana shi fashewa da wuri. Tantani uku ne ke haɗuwa a kowane gefe, kowanne da kusurwar digiri 120, ƙa'idar da masanin Beljiyam Joseph Plateau ya bayyana a 1873. Da kumburi ya kai ƙarshe sai tantanin ya fashe, ya bar siraran sanduna masu kama da saƙar raga, iska na shiga tana fita.

Bayan haka ana ajiye curin soson a wuri mai iska aƙalla awa 24, saboda zafin cikinsa yakan wuce digiri 140 na ma'aunin Salsiyas, har yana iya kama wuta, kafin a yanka shi daidai girman gado.

Idan aka kwanta a kai, sandunan sukan fara lanƙwasa, sannan su durƙushe jeri bayan jeri ba tare da ƙarin nauyi mai yawa ba, har su haɗe soson ya yi tauri. Yawan ruwa a haɗin yana ƙara iska ya rage roba, shi ya sa katifa maras nauyi take saurin lotsawa, mai nauyi kuwa take daɗewa tana komawa yadda take.