Me Ke Cikin Ƙwaryar Kindirmo?

Tambaya: Ni ɗaliba ce daga Gyadi-Gyadi. Wajen mata biyu nake sayen kindirmo, amma tsami da ƙanshin na kowacce daban. Ko zai yiwu a ƙwaryar ɗayarsu akwai bakteriyar da masana ba su sani ba? Yaya ake ganewa?

Amsa: Zai yiwu, amma harshe ba ya yanke wannan hukunci. Galibi Bafulatana ragowar nonon jiya take zubawa a dafaffiyar madara, ita ma ƙwaryar tana riƙe nata ƙwayoyin. Su ke cinye sukarin madara su mayar da shi tsami. Sau da yawa jinsi ɗaya ne a ƙoren biyu, yawansu da zafin ɗakin da nonon ya kwana ne suka bambanta.

A da, ido ne alƙali. A raini ƙwayar a faranti, a rina ta, a leƙa ta madubin ƙara girma. A haka Stamen Grigorov, ɗalibi ɗan Bulgeriya, ya gano ƙwayar yogot ɗin ƙasarsu a 1905. Sai dai ƙwayoyin nono kama suke yi da juna ƙwarai. Yanzu ƙwayar gadon da ake kira 16S ake fara karantawa. In kamanninta da na sanannun jinsuna bai kai kusan kashi 98.7 cikin ɗari ba, an fara zargi. Sannan a karanta gadon gaba ɗaya. In kamannin ya yi ƙasa da kashi 95, sabon jinsi ne. Duk da haka bakteriyar ba ta samun suna sai an ajiye ta da rai a rumbunan ƙwayoyi na ƙasashe biyu, an kuma tabbatar da sunan a mujallar IJSEM. Irin wannan karatun ne ya sa a 2020 aka raba dangin bakteriyar Lactobacillus gida 25.

Abin da ke damuna shi ne yogot ɗin leda da ya cika shagunan Tarauni, galibi da madarar gari da irin ƙwayoyi na waje ake haɗa shi. Duk ƙwaryar da aka jingine, irinta ya tafi ba a ko rubuta shi ba.

In da gaske kike, ki ɗebi na kowacce a tsabtatacciyar kwalba, ki sa a ƙanƙara, ki rubuta rugar da ya fito da ko an dafa madarar, ki nemi shawarar malaman ƙananan halittu a Jami'ar Bayero.