Darasin Kiwon Lafiya: Yadda Ake Maganin Damuwa Ta Hanyar Gyara Tunani

Ya ku ɗalibai da iyayenmu masu daraja, darasinmu na wannan fitowa yana magana ne a kan wata hanya da likitoci ke bi wajen maganin ciwon damuwa, da tsoro mai yawa, da waswasi. Larabawa na kiranta al-ilajul ma'arifiyyus sulukiy, wato magani ta hanyar gyara tunani da ɗabi'a. A asibiti kuwa ana taƙaita sunanta da haruffa uku, CBT.

Asalin wannan hanya

Wanda ya fi shahara da kafa ta shi ne Dokta Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, wanda aka haifa a 1921 ya rasu a 2021. A shekarun 1960 ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba tare da sun kira su ba, kuma kusan duk munanan zato ne game da abu uku: kansu, da duniyar da suke ciki, da abin da zai zo gaba. Da ya koya musu binciken waɗannan tunane-tunane, sai da yawansu suka samu sauƙi.

Amma ku sani, shekaru kusan 1,000 kafin Beck, wani malami mai suna Abu Zaid al-Balkhi, almajirin al-Kindi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira (934 Miladiyya), ya rubuta littafin Masalihul Abdani wal Anfus. A ciki ya yi bayanin fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi, ya kuma shawarci mutum ya tanadi tunani mai kyau tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Farfesa Malik Badri na ƙasar Sudan ya fassara sashen lafiyar rai na littafin zuwa Turanci, aka buga a 2013.

Ginshiƙin darasin

Abu uku ne ke ɗaure da juna: tunani, da abin da zuciya ke ji, da aiki. Alal misali, a ce an ta da wata ɗaliba ta kawo hadda, sai ta kakare, wasu suka yi dariya. Nan take tunani ya faɗo mata: "Ni daƙiƙiya ce, kowa ya raina ni." Wannan tunani ya haifar da kunya da faɗuwar gaba. Faɗuwar gaban ta sa ta koma zama a bayan aji, daga nan ta fara fashin makaranta. Fashin ya sa haddarta ta ƙara rauni, sai ta ce a ranta, "To ga shi nan, ai dama na faɗa." Kun ga an yi da'ira ke nan. Aikin mai magani shi ne ya taimaka mata ta yanke wannan da'ira.

Yadda ake yin maganin

Na farko, rubuta tunani. Ana raba takarda gida huɗu: me ya faru, me na ce a raina, me na ji, me na aikata.

Na biyu, neman hujja. Kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci da da'awa kawai sai an kawo shaida, haka ake tambayar tunani: mece ce hujjarka? Ɗalibar nan za ta tuna cewa sau da yawa ta kawo hadda lafiya lau, kuma waɗanda suka yi dariya su ma sun taɓa kakarewa. Sai ta musanya maganar farko da wadda ta fi kusa da gaskiya: "Yau ban yi muraja'a sosai ba, gobe zan gyara." A lura, ba yaudarar kai ake nema ba, adalci ake nema.

Na uku, fuskantar abin tsoro sannu a hankali. Guje wa abin tsoro yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma yana ƙara wa tsoron ƙarfi. Saboda haka za ta fara karantawa a gaban ƙawa ɗaya, sannan mutum uku, sannan aji gaba ɗaya. Haka ma mai ciwon waswasi, wanda ke maimaita wanke hannu ko alwala har ya galabaita: ana koya masa ya yi sau gwargwado ya tsaya, ya daure wa damuwar da za ta taso, har ya gani da kansa cewa tana kwantawa ko bai maimaita ba.

Na huɗu, komawa ga aiki. Mai ciwon damuwa yakan ce sai ya ji daɗi zai fita. Sai a juya masa lissafin: ya fara ɗan ƙaramin aiki, kamar shara ko gaida maƙwabci, jin daɗin zai biyo baya.

Yawanci ana zama da ƙwararre sau ɗaya a mako, zama 5 zuwa 20, kuma ana ba da jinga kamar ta makaranta. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora da aka gina a kan wannan hanya domin mata masu ciki da masu jego da ke fama da damuwa, bayan an gwada shi a ƙauyukan Rawalfindi na Pakistan ta hannun mata ma'aikatan lafiya na karkara.

Iyakarta

Kowane magani yana da haddinsa. Wanda ke jin muryoyin da babu su, ko hankalinsa ya gushe, yana buƙatar likita da ƙwayoyin magani. Shi kansa al-Balkhi ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke saukowa ba dalili, ya ce na biyun yana da nasaba da jiki. Wanda kuma ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Nasiha ga iyaye

Idan yaro ya kai mako 2 cikin ƙunci, ya daina wasa, barcinsa da cin abincinsa suka canza, kada a yi gaggawar ce masa malalaci ko mai raunin imani. Irin wannan magana ita ce ke tabbatar masa da mummunan zaton da yake yi wa kansa. A zauna da shi, a saurare shi, a yi masa addu'a, a kuma nemi magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, inda za a duba shi a faɗi abin da ya dace.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke ɗaure da juna?
2. Me ya sa guje wa abin tsoro ke ƙara masa ƙarfi?
3. Ka raba takarda gida huɗu, ka rubuta wani abu da ya ɓata maka rai a makon nan, sannan ka nemi hujjar abin da ka ce a ranka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu amfana da abin da muka karanta. Wassalamu alaikum.