Mota Ta Iso, Takardu Ba Su Iso Ba

'Ya'yana, samarin Birni da na Zango da Sabon Gari, ku da Allah ya fara buɗa wa, ku matso mu yi maganar mota. Ba hana ku saye zan yi ba. Wanda ya daɗe yana shan rana da ƙura a kan babur tsakanin Damagaram da Mirya, ko ya taɓa tsayawa a bakin titi da mara lafiya a hannu yana neman wanda zai kai shi likita, ya san amfanin abin hawa. Allah ya ba kowa nasa mai albarka. Abin da nake so ku kula da shi shi ne makonnin nan, wani lokaci watanni, da ke tsakanin ranar da mota ta tsaya a ƙofar gida da ranar da takardunta suka fito da sunan mai ita. A wannan tsakanin ne mutanen kirki suke yin asara, kuma da yawansu ba wanda ya cuce su, ɗoki ne kawai.

Ku fara sanin hanyar da ta biyo. Motar nan da ake ce wa Beljiyam ta riga ta yi wa wani Bature aiki shekara da shekaru kafin a ɗora ta a jirgin ruwa, galibi a tashar Anvers. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙidaya tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 Afirka suka yo. Hanyar da muka sani tun da can ita ce Kwatano, sai Paraku, sai Malanbil, a haye gadar kogin Kwara a shigo Gaya, daga nan Doso, Ƙonni, Maraɗi, har a gangaro gida. Kowane zango a wannan hanya yana barin takarda a kan motar: ta jirgi, ta tashar ruwa, ta ratsa ƙasa, ta duwan, wato kwastan. Idan ɗaya ta ɓata ko aka yi kuskuren rubutu a cikinta, sai ta riƙe duk na bayanta.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuwa hanyar kanta ta canja. CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, kuma ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024 gadar Gaya ba ta buɗe ba. Kaya suka koma bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, su shigo ta Tera. Ayari ba ya tashi don mutum ɗaya yana sauri. Saboda haka idan dillali ya ce maka mako biyu, ka yi masa murmushi, ka sa wata biyu a ranka, kada ka ɗaura ranar biki ko tafiyar kasuwa a kan alkawarinsa. Shi ma yawanci ba ƙarya ya shirya ba, abin ba a hannunsa yake ba.

Kuskuren farko a lissafi ake yin sa. Yaro ya tara miliyan 4, sai ya tafi neman motar miliyan 4. Ya manta da kuɗin duwan, da ladan tiransite mai fitar da kaya, da kart griz, wato takardar mallakar mota, da lamba, da binyet, da bizit teknik, da asirans, ban da taya da batir da kusan kowace Beljiyam take nema da zarar ta ji zafin ƙasarmu. 'Yan duwan kuma ba da bakin dillali suke lissafi ba, suna da nasu ƙiyasin bisa irin motar da shekarunta da ƙarfin injinta. Kafin ka miƙa ko dala ɗaya, je wurin tiransite mai ofis da izinin aiki, ka faɗa masa irin motar da shekarar ƙirarta, ya rubuta maka abin da za ta ci. Abin da ya rage a hannunka bayan an cire wannan, shi ne kuɗin motarka.

Akwai kuma arhar da ya kamata ta ba ku tsoro. Shekaru da yawa yawancin motocin da ke hawowa daga Kwatano ba don mu ake kawo su ba, ratse suke yi su faɗa Najeriya ta Ƙonni, ta Maraɗi, ta wajen Matamai da Magarya. Da Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, sannan ta rufe iyakar baki ɗaya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sai cinikin ya rikice. Motar da aka shigo da ita da takardar ratse ba a biya mata kuɗin zama a Nijar ba. Idan aka tallata maka irinta da rangwame mai faɗi, wannan rangwamen kuɗin duwan ne da ba a biya ba, kuma bashin motar yake bi, ba wanda ya sayar ba. Ranar da aka tsayar da ita a shinge, kai ne a ciki. Haka take ga mai lambar Najeriya da wani ya tsallako da ita yana cewa takardu na nan tafe.

To, ga abin da za ka yi da idonka, ba da aike ba. Ka sa a tsayar da motar a fili da rana. Ka leƙa ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, akwai ɗan ƙarfe mai rubutu. Ka buɗe ƙofa ka duba jikin ginshiƙi. Ka sa bakanike ya nuna maka inda aka buga lambar a jikin shasi kanta, ka goge ƙurar da tsumma, ka haska da fitilar wayarka. Haruffa ne da lambobi 17. Ka karanta su ɗaya bayan ɗaya, wani yana riƙe da takarda yana bi. Ka shafa wurin da yatsa, idan ka ji alamar walda ko ka ga fenti ya fi na kewaye sabunta, ka yi sallama ka tafi. Motocin sata na Turai suna cikin kundin 'yan sandan duniya na Interpol, kuma lambar nan ce ake nema. Ko ba sata, 8 ɗaya da aka rubuta a matsayin B a Kwatano ko Lome ta isa ta zaunar da takardunka watanni.

Sai sunanka. Mu nan mun san yadda magatakardan da suka yi karatun Faransanci suka rubuta sunayenmu: mutum ɗaya Mahamadu ne a takardar haihuwa, Mamman a katin ɗan ƙasa, Muhammad a fasfo. A zaure wannan abin dariya ne, amma kwamfuta mutum uku take gani. Ka zaɓi takarda ɗaya, katin ɗan ƙasa, ka tsaya a kan cewa duk abin da za a rubuta game da motar a kwafe sunan daga jikinsa harafi da harafi.

A tsakiyar shekarun 2010 gwamnati ta kafa ofis guda na harkar rajistar motoci, GUAN, ta damƙa shi ga kamfanin SONILOGA, don a tattara aikin wuri ɗaya. Lambobin da muka saba da su, inda 7 ke nuna Damagaram, 8 ke nuna Yamai, suka ba da wuri ga sabon tsari. Amma har gobe mu mutanen gabas ne, kusan kilomita 900 daga Yamai, kuma duk abin da ya tsaya a can, mu a nan jira ne namu. Wannan jiran shi ke haifar da masu cewa "kawo in yi maka hanya". Akwai na kirki a cikinsu, ban musa ba. Sai dai kada ka ba kowa takardar asali ba tare da ka riƙe kwafi ba, kada kuma ka biya kuɗin hukuma ba a ba ka kitans mai hatimi ba. Takardar wucin gadi da aka ba ka, ka duba ranar ƙarewarta tun ranar da ka karɓa, ka koma a sabunta kafin ta mutu.

Yanzu ga inda na fi so ku saurara, maganar asirans, wadda 'yan'uwanmu na Kano ke kira inshora. Yawancinmu mun ɗauke ta takardar nuna wa jandarma. Na san kuma akwai masu ƙyamarta don abin da suka ji daga malamai, kuma malamai sun yi magana a kai, kowa ya tambayi nasa. Abin da zan ce kawai, hukuma ta wajabta, kuma wanda aka yi ta dominsa ba kai ba ne, yaron nan ne mai tallan ƙosai da zai iya fitowa da gudu daga lungu.

Dokar da ke aiki a kanmu ita ce ta CIMA, yarjejeniyar da ƙasashe 14 har da Nijar suke ciki, aka sa mata hannu a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Sashe na 200 ya ce duk mai abin hawa mai inji dole ya yi asirans na ɓarnar da zai iya yi wa wani. Ku lura da kalmar, wani. Wannan mai arhar da kowa ke saye ba ta gyara motarka, ba ta biyan ka idan an sace ta, ba ta ɗaukar jinyar direban da ke tuƙi. Mai son waɗannan sai ya ƙara kuɗi a rubuta masa. Sashe na 13 kuma, tun gyaran 2011, ya ce kariya ba ta farawa sai an biya kuɗi. Wato "na yi magana da mutumina, gobe zan kai masa" ba asirans ba ce. Sashe na 41 shi ne wanda ya fi kama matasa: idan aka sayar da mota, asirans ɗin tsohon mai ita yana tsayawa da kansa daga rana ta 5 bayan ciniki. Takardar tana nan manne a gilashi, kwanan watanta bai ƙare ba, wataƙila ma ka wuce shinge da ita lafiya, amma ranar da aka nemi ta yi aiki babu kowa a bayanta.

Ku ɗauka yaro ne motarsa ta iso ranar Laraba da yamma. Abokai sun taru, an shafa, an yi addu'a, an ce ai sai an wanke. Ranar Alhamis, ranar da Kasuwar Dole take cika, ya ce bari ya ɗan zaga ya gaida kawu, ba nisa. Ɗan kabu-kabu ya ɗauko mace da buhu ya shigo masa ta dama. Ƙafa ta karye. 'Yan sanda suka zo yin konsta, wato rubuta yadda hatsarin ya faru, suka ce kawo takardu: kart griz tana hanya, asirans sai Litinin. Mota ta tafi furiyer, wurin da hukuma ke tsare motoci, inda kwanakin da take yi ma kuɗi ne. Jinyar mutum biyu ta dawo kan gidansu, dattawa suna ta zirga-zirga tsakanin likita da komisariya da gidan mai unguwa suna ba da haƙuri. Za a sasanta, don mu mutanen sulhu ne, amma da gonar wa za a sasanta?

Don haka motar da ba ta da asirans da sunanka, a bar ta a garka a rufe, ko da mutanen unguwa za su ce ka sayo kayan kallo. Idan dole ta motsa kafin lamba ta fito, je ofishin kamfani da ƙafarka, ko SNAR-Leyma ne ko CAREN ko NIA ko SUNU ko wani mai rajista, ko wurin wakilinsu da aka sani, ka nemi a rubuta maka a kan lambar shasi, ranar da lamba ta fito ka koma a gyara takardar. Kada ka saya a hannun mai jaka a bakin tasha, na jabu suna yawo kuma sun fi na gaske kyan bugu. Ka kuma faɗi gaskiyar aikin da motar za ta yi. Wanda ya ce ta gida ce don ya rage kuɗi, alhali fasinja zai riƙa ɗauka zuwa Tanut ko Gure, ya ba kamfani hujjar soke alkawari da hannunsa. Haka wanda ya miƙa makulli ga ƙanensa da ba shi da permi: ko kamfani ya biya wanda aka buge, yana da damar ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa.

In tsautsayi ya faru, Allah ya kiyaye, kada a janye motoci a ce a gama a gida kafin a yi konsta, kuma a sanar da kamfani a rubuce cikin kwanaki 5 na aiki. In sata ce, awa 48. Masu zuwa Kano da Daura kuwa, asirans ɗin gida a iyaka take tsayawa. Katin CEDEAO mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa a 1982, shi ne ake haɗawa da ita, to tunda ƙasarmu ta fice daga ƙungiyar a Janairu 2025, kafin ka kama hanyar Takyeta ka tambayi kamfaninka wace takarda ce za ta rufe ka a can, su ba ka amsa a rubuce.

Saura cinikin da ke tsakanin 'yan'uwa, wanda ya fi kowane wuyar magana. Garin nan da fatauci aka san shi tun zamanin Sarki Tanimun, ayari na tashi har Tarabulus, kuma attajirai irin su Malam Yaro da wasiƙu da shaidu suka riƙe amanar nesa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Amma yau sai ka ga yaro ya tura wa ɗan baffansa da ke Lome miliyoyi ta waya, in an ce ina shaida sai ya ce kunya yake ji. Ku rubuta: nawa aka bayar, wace mota, ta wace shekara, wa zai biya duwan, wa zai ɗauki asara idan ta lalace a hanya. Mutum biyu su sa hannu. Dattijon gida ya riƙe kwafi ɗaya.

Ranar da kuma kai ne mai sayarwa, kada ka bar kart griz ta ci gaba da yawo da sunanka a hannun wani. Ku tafi tare a tabbatar da takardar ciniki a gaban hukuma, a fara canjin suna, ka rubuta wa kamfanin asirans cewa ka sayar a rana kaza. Idan ba haka ba, wata rana motar za ta yi ɓarna a Agadas ko Diffa a hannun mutum na uku da ba ka taɓa gani ba, sammaci kuwa ƙofar gidanku a Birni zai zo.