Shin Ɓacin Rai Yana Ɓata Nono?

TAMBAYA: Wata 2 ke nan da na haihu, kuma ina cikin damuwa, ko barci ba na samu. Surukata ta ce ɓacin rai yana ɓata nono, gara in koma ba yaro madarar gwangwani. Gaskiya ne? Daga wata mai jego a Gusau.

AMSA: 'Yar'uwa, barka da arziki, Allah ya raya mana. Nononki bai ɓaci ba, don Allah kada ki hana yaron.

Hajiya surukarki ta hango wani abu, sai dai bai kai yadda ta ɗauka ba. Idan hankali ya tashi, jiki yana ƙara sakin wani sinadari mai suna kotisol, kuma kaɗan daga cikinsa yana shiga nono. To amma ko uwa tana cikin walwala yana nan: ya yi yawa da safe, ya ragu da dare. Ba guba ba ne. Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, sukarinsa da furotin ɗinsa kuma ba su cika sauyawa ba. Maiƙon ne ya fi sauyawa, har a shayarwa guda, inda na ƙarshe ya fi na farko kauri.

Inda damuwa ta fi yin ɓarna shi ne wajen saukowar nonon. Sinadarin oksitosin ne ke matso shi daga mama, fargaba da gajiya kuwa suna jinkirta aikinsa. Sai ki ga yaro ya kama, ya tsotsa, ya saki, ya banƙare yana kuka, ga mama cike. A nan ake cewa nono ya ƙafe. Aka ɗauko gwangwani, tsotso ya ragu, lokacin ne nonon zai ragu da gaske, domin tsotso ke kawo shi.

Kafin ki ba yaron nono, ki samu wuri ki jingina, ki ɗora shi a ƙirjinki fata da fata, ki ja numfashi a hankali. Idan yana jiƙa zane sau 6 ko fiye a rana, nauyinsa yana ƙaruwa a wurin awo, to yana ƙoshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6.

Ke kanki ma kina ba ni tausayi. Maigida da Hajiya su karɓe miki wanki da girki ki samu barci. Idan kuka, rashin cin abinci ko jin ba kya son kusantar yaron suka wuce mako 2, ki je asibiti ki faɗa wa likita ko ungozoma. Mai yiwuwa ciwon damuwar jego ne, kuma yana da magani.