Ki yi wa katakon ɗakinki sutura da atamfar da ke akwatinki

Ranar jeren wata 'yar ƙanwata a Ajingi na tarar da uwar amarya tana jan wani benci zuwa bayan ɗaki, wai kada 'yan jere su gan shi. Bencin lafiyarsa ƙalau, katakonsa ma ya fi na kujerun da aka ɗauko bashi nauyi. Laifinsa ɗaya, tsirara yake. Bayan biki muka yi masa sutura da soso da yadi 2 na atamfa, yanzu a kansa baƙi suke zama. Aikin bai ci yini guda ba, kuma ke ma za ki iya shi.

Kafin ki taɓa almakashi, 'yar'uwa, duba katakon. Ki ƙwanƙwasa shi ko'ina. In kin ji ƙarar holoƙo, ko kin ga gari yana zubowa daga ƙananan ramuka, ƙwari sun riga ki shiga, sai kafinta ya sauya wannan fallen. Rufe gara da atamfa ba ya hana ta ci. Ƙafar da ke rawa a ƙara mata ƙusa, sannan ki bi bakin katakon da sanfefa, domin kaifin gefe shi ne yake fara huda yadi.

Zaɓen yadin nan ne mata da yawa suke yin asara. Leshi ba na zama ba ne. Shadda tana da santsi, ƙyallinta kuma yana gudu da zarar an yi ta gogarta. Atamfa mai kauri ta auduga ta fi dacewa, musamman mai ƙananan zane, don ƙurar hunturu ba ta saurin tona mata asiri. Turmi yadi 6 ne: rabin yadi ya ishi kujera 'yar tsugunno, yadi 2 ya ishi benci mai cin mutum uku, ragowar kuma ya rufe allon kan gado. In kina da tsohon gwado ko saƙi na gado, to kin fi kowa dacewa, domin saƙar hannu tana jure zama fiye da duk abin da za a auna miki a Kantin Kwari. Amma baƙin rini irin na Kura ko na marinar Ƙofar Mata, duk kyansa, kada ki sa shi inda ake zama. Rinin baba yana zuba, baƙo ya zo da farar riga ya tashi da shuɗiya.

Ko sabo ne ko tsoho, ki wanke yadin ki shanya ki goge. Sabuwar atamfa tana ɗauke da sitaci, tana kuma ɗan tsukewa a wankin farko. Na taɓa yin gaggawa na buga wata ban wanke ba, damina na shigowa ta tattare a kan kujerar, dole na cire.

Soso mai kaurin inci 2 ya isa wurin zama, inci 1 ya isa allon gado. Mutane kan yanko na tsohuwar katifa, ba laifi, sai dai ki buɗe shi ki duba kuɗin cizo sosai, ya kuma sha ranar kwana biyu ko uku. Audugar rimi ki bar ta ga matashi, a kan benci taruwa take yi gefe guda. Ki yanka soson ya ɗan zarce katakon da faɗin yatsa, ki shafa gam a katakon kaɗai, ki ɗora ki danna. Kada gam ya taɓa atamfar, yana fitowa ta fuska ya bar tabo. Tsakanin soso da atamfa ki shimfiɗa tsohon zanen gado, shi zai ɗauki gugar.

Bugun ƙusa shi ne zuciyar aikin. Ki nemi 'yan ƙananan ƙusoshi masu faɗin kai irin na masu gyaran takalma, ba sa wuyar samu a kasuwar Gaya ko ta Wudil. Ki kifa bencin a kan yadin, ki ninka bakin yadin biyu, ki buga ƙusa ɗaya a tsakiyar gefe guda. Ki zaga ɗaya gefen, ki ja yadin har ya miƙe, ki buga a tsakiya. Haka sauran gefuna biyun. Kada ki nutsar da waɗannan huɗun tukuna. Juyo bencin ki ga ko zanen atamfar ya tsaya daidai, don furen da ya karkace kullum idonki zai riƙa zuwa kansa. In ya yi, ki ci gaba daga tsakiya zuwa gefe, tazarar yatsu uku tsakanin ƙusa da ƙusa. Kusurwa ita ce ƙarshe: ki ja tsinin yadin zuwa ciki ki danne da ƙusa, sannan ki ninko ɓangarorin biyu a kansa. In ya yi tudu, ki rage abin da ke ciki da almakashi.

Ga gida mai yara, ni na fi son a rufe soson da zanen gadon kawai a buge, sannan tela ya ɗinka wa bencin riga mai zariya a ƙasa, wadda za ki cire ki wanke duk lokacin da koko ya zube. Ledar da ake lulluɓe kujeru da ita ban yarda da ita ba, tana tara gumi a bazara, tana riƙe laima a damina har soso ya yi wari. In ɗakinki daɓen ƙasa ne, ki ɗora ƙafafun bencin a kan gutsuren tayil ko bulo, ki kuma tabbatar bakin yadin bai kai ƙasa ba da aƙalla faɗin tafin hannu.