Darasi Na 14: Wanda Ya Sa A Hau, Shi Ke Da Alhakin A Sauko

Kun sani idan bazara ta yi, hadari ya fara haɗowa daga gabas, kowane maigida ya kan ɗaga kai ya dubi rufin ɗakinsa. Lokacin yaɓen soro ke nan, da gyaran indararo, da sabunta jinka, da buga kwano. Wanda ba ya iya hawa da kansa sai ya kira magini ko kafinta, su kuma su zo da yaransu. Darasinmu na yau a kan mai sa aiki ne, watau maigida ko babban magini. Duk wanda ya ce wa ɗan'uwansa, "Hau," to, wajibinsa ne ya ga ya sauko lafiya.

Faɗuwa ba abin wasa ba ne

Idan mutum ya zame daga tsawon ƙafa 16, watau wajen mita 5, cikin daƙiƙa ɗaya tak zai kai ƙasa. Ko salati ba zai gama ba. Gudun da zai bugi ƙasa da shi ya kai kilomita 35 a awa, kamar wanda babur ya yar. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafi cewa mutum wajen 684,000 ke mutuwa kowace shekara ta hanyar faɗuwa, tsofaffi da yara da masu aiki. In aka ɗebe haɗarin hanya, babu tsautsayin da ya kai wannan kisa.

Wani zai ce, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma kuma Hausawa sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka. Ruɓaɓɓen tsani sakaci ne, kuma sakacin mai sa aiki ne.

Dubi mutumin tukuna

Lebura talaka ne. Ko ya ga tsani yana rawa ba zai yi magana ba, don yana tsoron a ce masa raggo, a kira wani, iyalinsa su kwana da yunwa. Saboda haka kai ne za ka tambaye shi. Ka ce, "Yaya jikin yau? Ka karya?" Kada ka bar mai jiri ya hau, ko mai zazzaɓi, ko mai farfaɗiya, ko wanda ya sha abin maye. Kada ka sa ƙaramin yaro wai don ba shi da nauyi. Mai azumi ya yi aikin sama da safe, kafin rana ta take.

Aikin jinga ya kan jawo gaggawa. Kada ka tsaya a gindin bango kana cewa, "Yi sauri." Sannu ba ta hana zuwa.

Tsani

Ka duba kowane mataki da hannunka. In akwai wanda ya tsage, ko ɗaurinsa ya saki, ko gara ta ci, a gyara kafin kowa ya taka.

A kafa tsani a ƙasa mai tauri, wadda ba tudu ba kwari. Kada a ɗora shi a kan turmi ko tubali don a ƙara masa tsawo.

Ga ƙa'idar jingina shi. A kowace ƙafa 4 ta tsawo, a janye gindinsa ƙafa 1 daga bango. In bangon ƙafa 12 ne, gindin tsani ya yi nisan ƙafa 3. In ya matsu da bango, zai kifo da mutum ta baya. In ya yi nisa, gindin zai zame.

Kan tsani ya zarce bakin rufi da kamar ƙafa 3, don mai hawa ya sami abin kamawa. A ɗaure shi a sama, ko wani ya riƙe shi a ƙasa. A hau ɗaya bayan ɗaya, ana fuskantar tsani, hannu biyu babu kaya. Kwanon ƙasa da guduma, a ja su da igiya.

A ɗaga kai a duba wayar lantarki. Tsanin ƙarfe da fallen kwano ba su da haɗi da waya ko kaɗan.

A bisa rufi

Soron da ya daɗe yana yoyo, a fara duba azararsa daga cikin ɗaki. Kada a taka indararo. Tsohon kwano mai tsatsa ya kan ɓurma, don haka a shimfiɗa katako mai kauri a taka. Kwanon da raɓa ta jiƙa santsi gare shi, a jira ya bushe. Da iska ta taso, ko aka ga walƙiya, kowa ya sauko, ko da falle ɗaya ya rage.

In ginin bene ne, lalle a kafa wurin tsayawa mai shinge, a ba ma'aikata hular kwano da ɗamara mai kama kafaɗu da cinyoyi, a ɗaure igiyarta a abu mai ƙarfi. Igiya a kugu kaɗai ta kan ji wa mutum ciwo in ya faɗo.

A ƙasa kuma, a kori yara da awaki daga gindin aiki. Mai jefa tubali kada ya jefa sai magini ya dube shi.

In abin ya auku

Kada ku ɗaga shi tsaye, kada ku zaunar da shi, kada ku ja wuyansa. Wataƙila ƙashin bayansa ya taɓu, juyi ɗaya kuwa na iya shanye masa ƙafafu har abada. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa. In jini na zuba, a danne da ƙyalle mai tsabta. Kada a ɗura masa ruwa. In babu ma'aikacin lafiya kusa, mutum huɗu su kwantar da shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a kai shi asibiti. Ko ya miƙe ya ce lafiya lau, in kansa ya bugu a kai shi a duba.

A shekarar 2010 aka kafa doka a Nijeriya ta biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, ko ga iyalinsa in ya rasu. Doka ce mai kyau. Amma diyya ba ta mayar wa marayu ubansu. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Don me lebura ba ya son faɗin cewa tsani na rawa?
2. Su wane ne bai kamata su hau ba?
3. Bango ƙafa 16 ne. Ƙafa nawa za a janye gindin tsani?
4. Me za ku yi wa wanda ya faɗo?

Aiki

Kowa ya duba tsanin gidansu ko na maƙwabcinsa. Ya ƙirga matakansa, ya rubuta nawa ke da lafiya, nawa ke son gyara. Ku zo da amsa ranar aji mai zuwa.